Yaron Likita a Amurka: Daga Dakan Magani Zuwa Riƙon Kwamfuta

A Amurka ba a shiga makarantar likitanci kai tsaye daga sakandare kamar yadda ake yi a Najeriya da Nijar. Sai ɗalibi ya gama digirin farko na shekara huɗu, ya zauna jarrabawar MCAT, sannan ya nemi gurbi. Masu tantancewa kuma suna son shaidar cewa ya taɓa tsayawa a gaban majinyaci, abin da ke sa ɗalibai neman ƙananan ayyukan asibiti masu albashi tun suna jami'a. Al'adar ta girmi ƙasar kanta.

A ƙarni na 18, saurayin da ke son likitanci gidan wani likita yake tarewa, kusan kamar yaron wanzami. Shi ne mai dakan magani da wanke kwalabe, shi ke riƙe tasa idan ana tsaga jijiya don fitar da jini, shi ke ɗaura wa doki sirdi, wani lokaci har karɓo bashi. Ba a biyansa ko kwabo. Iyayensa ne ma ke biyan maigidan. Benjamin Rush, ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka a 1776, ya yi fiye da shekara biyar a hannun Dakta John Redman a Filadelfiya kafin ya tafi Edinbura, inda ya sami digiri a 1768.

An buɗe makarantar likitanci ta farko a Filadelfiya a 1765, amma yawancin waɗanda suka biyo bayanta a ƙarni na 19 kasuwanci ne kawai. Wasu likitoci kan kama ɗaki, su sayar da tikitin sauraron lacca na kimanin wata huɗu, shekara ta zagayo su maimaita laccar nan dai, su ba da shaida. Ilimi na haƙiƙa, in akwai shi, a wurin maigida ake samunsa.

Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimo ce ta karya wannan tsari a 1893. Mary Elizabeth Garrett, attajirar da ta cike kuɗin kafa makarantar, ta gindaya sharaɗin a ɗauki mata, kuma kada a karɓi wanda ba shi da digiri. A 1910 Abraham Flexner ya fitar da rahotonsa a ƙarƙashin Gidauniyar Carnegie, bayan ya zagaya makarantu 155 a Amurka da Kanada. Da yawa suka rufe, ciki har da biyar daga cikin bakwai na baƙaƙen fata. A cikin bakwai ɗin, Howard da Meharry ne kaɗai suka tsira. Gyaran ya ɗaga darajar sana'ar, amma ya raba mai shirin likitanci da majinyaci, ya mayar da shi ɗalibin kimiyyar sinadarai da ilimin halittu, ya kuma tsawwala hanyar ga talaka. A 1928 aka ƙara jarrabawar shiga wadda daga baya ta zama MCAT.

Ayyukan da suka sake kusanta ɗalibi da majinyaci ba don shi aka ƙirƙiro su ba. A 1966 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta fitar da rahoto kan mace-macen haɗurra, inda ta nuna cewa kusan rabin aikin ɗaukar waɗanda suka ji rauni masu sana'ar jana'iza ne ke yinsa, saboda motarsu ce ke ɗaukar mutum a kwance. A 1967 aka kafa Freedom House a Pitsbag, inda Dakta Peter Safar ya horar da baƙaƙen fata 'yan unguwar Hill District aikin ceto a motar asibiti. Daga irin wannan yunƙuri aikin ma'aikacin agajin gaggawa ya samu gindin zama, kuma da yake horon matakin farko bai wuce 'yan watanni ba, ɗalibai suka rungume shi; jami'o'i da dama yanzu suna da rundunar agajin da ɗalibai ke gudanarwa. Haka nan dokar gyaran gidajen kula da tsofaffi ta 1987 ta wajabta horon aƙalla awa 75 ga mataimakan nas. Aiki ne na wanka, ciyarwa da juya marar lafiya a gado, mai wahala da ƙarancin albashi, amma da wuya a sami wanda ya fi shi koyar da yadda jinya take.

Dokar HIPAA ta 1996, mai kare sirrin majinyata, ta sa asibitoci tsaurara wa baƙon da ke son bin likita yana kallo kawai. Ma'aikaci kuwa yana da hujjar kasancewa a ɗakin. Sai dokar HITECH ta 2009 ta tura asibitoci ajiye bayanai a kwamfuta, likitoci suka nutse cikin rubutu, kamfanoni irin su ScribeAmerica suka ƙara ɗaukar ɗalibai su riƙa bin likita suna rubuta masa abin da ya gudana. Wannan magatakarda shi ne ya fi kama da yaron likita na dā: yana jin yadda maigida ke tunani, ba a ba shi damar taɓa majinyaci, abin da ake biyansa kuma bai taka kara ya karya ba.

Duk da haka albashin na da muhimmanci. Aikin sa kai da rakiyar likita sun fi sauƙi ga ɗan mai hali ko wanda ke da likita a dangi, shi kuwa mai biyan haya da kansa sai aikin da zai ba shi kuɗi da gogewa a lokaci guda. A 'yan shekarun nan mafi yawan masu shiga makarantun likitanci sukan yi shekara ɗaya ko fiye bayan digiri kafin su shiga, da yawansu a irin waɗannan ayyuka. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu sauraron hirar likita da majinyaci su rubuta rahoto sun fara cin gurbin magatakarda, amma aikin motar agaji, ɗibar jini don gwaji da taimakon nas har yanzu hannun mutum suke buƙata.