Labarin Tsohuwar Motar Ford Da Hanyar Man Da Ke Cikinta

 Tun da ya ke wannan ɗan littafi an yi shi ne don tunawa da ma'aikatan En'e da irin aikin da suka yi, ya kamata a ba direbobi da makanikai nasu rabo a ciki. Ba kuwa za a san wahalarsu ba sai an san irin motar farkon zamani. Saboda haka muka ga ya kyautu mu kawo labarin wadda ta fi kowace yawa a lokacinta, watau Ford ƙirar T.

Asalinta ƙasar Amurka ne, a birnin Detroit, inda Henry Ford ya fara sayar da ita cikin shekara ta 1908 a kan dala 850. Cikin 1913 ya fito da dabarar jera ma'aikata, motar tana tafe bisa layi kowa na ɗaura abin da aka ba shi, har aikin da a da ya kan ci sa'a 12 da ɗoriya ya komo wajen sa'a ɗaya da rabi. Da aiki ya yi sauƙi sai kuɗi ya faɗi, har cikin 1925 a kan sami ƙaramarta a dala 260. Cikin 1917 aka ƙera mata 'yar'uwa ta ɗaukar kaya, mai ɗaukar ton guda. Kafin a daina ƙera ta cikin 1927 an yi wajen miliyan 15. Injinta silinda huɗu gare shi, ƙarfinsa na doki 20, iyakar gudunta kuwa mil 40 zuwa 45 a sa'a.

Rashin nauyinta da arharta su suka kawo ta Afirka ta Yamma. A Gwalkwas, wadda a yau a ke kira Gana, ƙananan lorin Ford sun yi suna wajen jigilar koko. A nan Arewa kuwa jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, En'e ta shiga sharar hanyoyi tana zuba marmara, don mota ta kai kaya bakin tasha. Manyan En'o'i suka kafa ma'aikatun ayyuka inda a ke gyaran motoci. Fetur a wannan zamani cikin garwa mai galan huɗu ya ke zuwa, biyu biyu cikin akwatin katako.

To, abin mamaki ga wannan mota shi ne ba ta da famfon da zai tura mai zuwa inji. Tankinta, mai cin galan 10 na awon Amurka, wajen lita 38 ke nan, yana ƙarƙashin kujerar direba ne. Kafireto kuwa, watau ɗan akwatin da ke gauraya mai da iska kafin su shiga inji, yana gaba, ƙasa da tankin kaɗan. Mai da kansa ya ke gangarowa ta cikin bututu, kamar yadda ruwa ke bin lambatu zuwa fadama. Agogon mai ma babu. In direba yana son sanin abin da ya rage, sai ya ɗaga kujera, ya kwance murfi, ya tsoma ɗan sanda ya duba.

Muddin hanya shimfiɗaɗɗiya ce, ba wani abu. Amma in aka zo hawa mai tsayi alhali man ya yi ƙasa, sai gaban motar ya ɗaga, kafireto ya komo sama da man da ke cikin tanki, mai kuwa ba ya hawan tudu. Sai inji ya yi tari, ya mutu a tsakiyar hawa. Ƙwararren direba ba ya jayayya da wannan. Ya kan juya motar ne ya hau da baya, tanki na bisa, inji na ƙasa, mai na zuba yadda ya kamata. Wanda bai sani ba ya kan zaci hauka ne, alhali kuwa sanin aiki ne. Sai cikin 1926 kamfanin ya ɗaga tankin yawancinsu ya kai shi gaban direba, ƙarƙashin gilashi, don man ya sami gangara. Ford ba ta sa famfon mai ba sai cikin 1932, sa'ad da ta fito da inji mai silinda takwas, aka mai da tanki baya.

Har yau a Amurka da Ingila akwai ƙungiyoyin masu sha'awar waɗannan tsofaffin motoci, suna tono su daga rumbuna suna mai da su bisa hanya. Abin da suka fi gamuwa da shi kuwa shi ne abin da makanikan da suka sani: sau da yawa injin lafiyarsa lau, yunwa ce ke damunsa. Sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Don haka mai hankali ba ya fara kwance inji, sai ya bi sawun mai tun daga tushe.

Da fari ya duba tanki. Fetur in ya daɗe a ajiye ya kan yi tsami ya koma danƙo, ruwa kuma ya kwanta a ƙasa ya kawo tsatsa. Sai a zubar, a wanke, a busar. A jikin murfin akwai wata 'yar huda kamar ta allura, ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da ya fita. In ƙura ta toshe ta, motar ta kan yi ɗan tafiya ta mutu, a buɗe murfi ta tashi, a rufe ta sāke mutuwa. Sa'an nan ya sauko ga wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ke ƙarƙashin tankin, mai rariya a ciki da ɗan makunni, inda ruwa da yashi ke taruwa, ya tsiyaye shi. Mutanen da su kan tace fetur da fata mai laushi kafin su zuba, domin ta kan bar mai ya wuce ta riƙe ruwa. Bayan wannan ya kwance bututu ya hura, ya kuma tabbata bai jingina da bututun hayaƙi ba, gama zafi ya kan mai da fetur tururi ya tsai da tafiyarsa.

Sai an gama waɗannan a taɓa kafireto. A cikinsa akwai wani ɗan abu mai yawo bisa man kamar duma a kan ruwa, in man ya cika ya tura allura ta rufe ƙofa, in ya ragu ta buɗe. Na waɗansu tagulla ce mai rami, na waɗansu ɓawon itace ne irin na toshiyar kwalba, an shafe shi da wani ƙaro. Fetur na Amurka a yau yawancinsa an gauraya shi da itanol kashi 10 cikin 100, shi kuwa ya kan narkar da ƙaron, ɓawon ya sha mai ya nutse, man ya yi ta malala. Alamar mai ya yi yawa ita ce baƙin hayaƙi da fulogi mai kunkunniya. Alamar ya yi kaɗan ita ce tari da rashin ƙarfi. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe gaban direba da ya ke murɗawa ya daidaita awon mai da iska, da kunne a ke sanin ya zauna daidai. Waɗansu masu gaggawa su kan ɗaura mata famfon lantarki na zamani, ƙarfinsa ya rinjayi allurar da aka yi don gangara kawai, mai ya cika inji. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

In mai ya iso amma ba ta tashi ba, sa'an nan a koma ga wuta, a duba fulogi da akwatunan katako huɗu masu ƙugi da ke ba su tartsatsi. Kafin 1919 duk da hannu a ke tayar da ita, ta murɗa wani ƙarfe a gaba. Wanda ya manta bai ja sandar wuta baya ba, ƙarfen ya kan juyo da ƙarfi, ya karya hannun mutane da yawa.

Cikin 1976 aka kafa tsarin ƙananan hukumomi bai ɗaya a Nijeriya, sha'anin En'e ya zama tarihi. Takardun ofis da yawa sun tsira, amma motoci kaɗan ne ba su faɗa hannun masu sayen tsohon ƙarfe ba, abin da aka sare aka kai maƙera kuwa ba ya komowa. Roƙonmu ga sarakuna da hakimai da duk wanda ya gaji tsohuwar mota a kangon gida ko bayan ofis, kowace iri ce, kada ya yi saurin sayarwa da awo. A zubar da tsohon man da ke ciki, a sa ta inuwa, a nemi dattijon makanike tun yana da rai ya nuna wa yara hanyar da mai ke bi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sāka wa waɗanda suka rage da alheri.