Kwamfutar gajimare: yadda ake auna nauyin da manhaja za ta iya ɗauka

Idan mutum a Dakoro ya tura kuɗi ta salula ko ya aika saƙon murya a WhatsApp, yawancin aikin ba a cikin wayarsa ake yin sa ba. Wasu manyan kwamfutoci ne da ke jibge a cibiyoyin adana bayanai suke yi. Hayar irin waɗannan na'urori ta intanet, a biya gwargwadon abin da aka yi amfani da shi, ita ake kira kwamfutar gajimare. Kamfanin Amazon ya fara wannan haya a 2006, ya kuma buɗe cibiyarsa ta farko a Afirka a birnin Cape Town a 2020.

Amfanin tsarin shi ne ana iya ƙara na'urori idan jama'a suka yi yawa, kamar jajibirin babbar Salla, a rage su bayan cunkoso ya wuce. Sai dai ninka na'urori ba ya ninka aiki. Shi ya sa injiniyoyi ke yin lissafi tun kafin ranar.

Lissafin farko na Gene Amdahl ne, ɗan Amurka, a 1967. Idan kashi 5 cikin 100 na aiki dole a yi shi bi da bi, na'urori 10 za su ba da saurin da bai kai ninki 7 ba, na'urori 100 kuma wajen ninki 17. Ko an tara dubu, ba za a wuce ninki 20 ba. A 1993, Neil Gunther ya ƙara da cewa na'urorin na ɓata lokaci wajen daidaita bayanai tsakaninsu, har a kai matakin da ƙari ke rage sauri.

Makiyayan arewacin Dakoro sun san haka a bakin rijiya. Bakin ɗaya ne, kuma idan wasaki suka yi yawa, igiyoyi ne ke sarƙewa, ruwan da ake ja ya ragu.

Don haka ma'aikata ko kamfanin da zai buɗe manhaja ya kamata ya gwada ta da nauyin ranar cunkoso, ya gano inda layi ke tsayawa, kafin ya zuba kuɗin haya. Lissafin kuma bai shafi rezo ko wutar lantarki ba: idan eriyar gari ta tsaya, ƙarin na'urori a Yamai ko Cape Town ba zai isar da saƙon ba.