Tarihin Akori-Kura Ƙirar Fijo, Da Shawara Ga Mai Son Tayar Da Tsohuwa

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a yankin Funtuwa. Ya ce mahaifinsa ya rasu ya bar wata tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda ta shekara shida a kan duwatsu a ƙofar gida, har kaji sun mayar da ita akurki. Yana so ya sayar da wani kaso na amfanin gonarsa na bana ya tayar da ita, saboda haka yake roƙon a ba shi tarihin wannan mota, a kuma gaya masa ko aikin zai biya. To malam, mun gode da wannan takarda taka. Tambaya biyu ka yi, amma in ka bi mu a hankali za ka ga amsar ta biyun tana cikin ta farkon.

Shi dai wannan suna Peugeot, wanda mu nan muke cewa Fijo, sunan wani gida ne na maƙera a gabashin Faransa. A shekarar 1810 suka mayar da wurin niƙan hatsin gidansu ma'aikatar ƙarfe, suna ƙera zarto da injin niƙa gahawa da makamantansu. Zakin nan da kake gani a goshin motar, tun asali tambarin zartonsu ne, wato haƙoransa kamar na zaki, an kuwa yi masa rajista a 1858. Sai wajen 1890 suka shiga ƙera mota mai amfani da fetur.

Wadda ta fitar da sunansu a Afirka ita ce 404, wadda ta fito a 1960, mai giya a jikin sitiyari. Sau huɗu tana cin tseren nan na Safari da ake yi a gabashin Afirka cikin taɓo da ƙura, a 1963 da 1966 da 1967 da kuma 1968. A 1967 aka fitar da akori-kurarta, wadda 'yan'uwanmu na Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci suke kira bashe, saboda tamfol ɗin da ake rufa mata a baya. Ita kuwa 504 a 1968 ta fito, amma akori-kurarta ba ta zo ba sai 1979.

Yanzu bari mu dawo gida. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, kamar maƙwabtanta. Wannan ya yi wa motocin Faransa daidai. Lokacin kuma kuɗin man fetur sun fara shigowa, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin waje su zo su harhaɗa motoci a nan: Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Kaduna ce ta sami Peugeot, aka buɗe ma'aikatar a Kakuri a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Wani abin mamaki shi ne, a shekarun farko ta jirgin sama ake ɗauko sassan motocin daga birnin Liyon na Faransa a sauke a Kano, sa'an nan manyan motoci su kwashe zuwa Kaduna. Ka ji zamanin da naira take naira.

Abin da ya biyo baya dattawanku sun fi mu saninsa. Motar ma'aikatar gona Fijo, motar asibiti Fijo, ta 'yan sanda Fijo, ta haya ma Fijo. Ranar kasuwar ƙauye kuwa, akori-kura ce take kawo taki da gishiri da kananzir, ta koma da buhunan masara da awaki da mutane a kansu. Da yake ko'ina ita ce, sai kowane bakanike ya koye ta, kowane mai shagon kayan gyara ya tara kayanta. Wannan shi ne rabin ƙarfinta. Mota ba ta daɗewa a ƙasa don taurin ƙarfenta kawai, sai in akwai wanda ya san cikinta a kowace tasha.

Ɗaya rabin kuwa yana cikin yadda aka ƙera ta, kuma nan ne ya kamata ka buɗe kunne. Injinta mai fulogi huɗu ne, da kafireto da kwantak, ba shi da na'urar kwamfuta irin ta motocin yanzu da sai an jona wata na'urar kafin a san ciwonta. Bugu da ƙari, ramukan da fistin yake hawa da sauka a cikinsu ba a jikin tukunyar injin aka fafe su ba. Wasu bututun ƙarfe ne da ake zurawa a kuma zare, makanikai suna ce musu silib. Idan sun cinye, sai a zare su a sa sababbi tare da fistin da zobbansa, inji ya dawo kusan sabo. Wato tun daga ma'aikata an yi ta ne don a kwance a sake ɗaurawa. Shi ya sa har yau kake ganin wadda ta girmi direbanta tana ɗaukar albasa.

To me ya kawo ƙarshen wannan zamani? A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin nan na gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, sassan da ake sayowa daga Faransa suka yi tsada, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci da manomi. Sai kasuwa ta koma ga na hannu, 'yan Kwatano, yawancinsu ƙirar Japan. Duk da haka Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina ƙera ƙaramar motar a 1983. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta a kamfanin, kuma a daidai wannan tsakani ne aka rufe babin 504 baki ɗaya. Ma'anar wannan gare ka ita ce, motarka marainiya ce. Kayanta na ainihi sai dai wanda aka kwance daga wata 'yar'uwarta da ta mutu, ko tsohon ajiya a lungun shago. Sababbin da ke cikin kwali kuwa, wasu na kirki ne, wasu kyan ɗan maciji.

Saboda haka kafin ka taɓa buhu ɗaya na masararka, fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ka ce motar mahaifinka ce. Shin an raba gado ta faɗo a rabonka, ko kuwa har yanzu ta magada ce duka? Motar da take kan duwatsu ba mai kula ta, amma ranar da ta tashi ta fara kawo kuɗi, kowa zai tuna yana da haƙƙi a ciki. A daidaita wannan a gaban shaidu, a rubuta. Sa'an nan ka nemo takardunta, ka duba lambar shasi da ta inji ko sun yi daidai da abin da ke rubuce.

Bayan haka sai ka ɗauko bakanike dattijo wanda ya yi zamani da Fijo, ka biya shi kuɗin dubawa kawai, ba na gyara ba. Kada ka bari ya fara da inji. Ku shiga ƙarƙashinta da guduma da tocila. Ita wannan akori-kura, gabanta da ɗakin direba ƙira ɗaya ce, aka haɗa ta da dogayen ƙarafan da suke ɗauke da bodin baya, kuma a wannan mahaɗa ne wahalar lodi take taruwa. Ku duba nan, ku duba inda sifirin na baya suke kamawa, da inda kan shokozoba na gaba yake zaune, da daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba. Motar da ta yi dakon taki ko gishiri, tsatsa takan ci ta daga ciki, fenti yana nan lafiya lau a waje. In guduma ta buga ka ji ƙarfe ya amsa, madalla. In kuwa ta nutse, ko kuka tarar shasin ya taɓa karyewa an yi masa walda a kan walda, ko motar ta karkace tana tafiyar kaguwa, to a ra'ayinmu ka haƙura. Inji ana sake shi, giya ana sake ta, amma ƙashin baya in ya tafi, duk abin da ka ɗora a kai asara ce, kuma ran mutane za ka ɗauka a ciki. Gara ka sayar da ita a matsayin kayan gyara, ko ka nemi wata mai lafiyayyen shasi ka mayar da taka uwar ba da kaya.

Idan shasi ya ci jarrabawa, sai a zauna a yi lissafi tun ba a kwance ƙusa ɗaya ba. A rubuta duk abin da za a saya, ka je da kanka ka ji farashi, ko a Panteka ta Kaduna ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ka ɗora wani abu a kai domin abin da ba a gani ba sai an buɗe. Kuɗin aiki daban, kuɗin kaya daban, kuma kada ka biya gaba ɗaya. In abin da ke hannunka bai kai ba, bar ta a kan duwatsunta har wata kakar. Motar da aka kwance aka kai gareji kuɗi suka yanke, yau a ari kafireto, gobe a ari lagireto, bayan shekara sai ka tarar da ƙwarangwal. Kuma kowane hali ake ciki, kuɗin taki da na iri ba sa shiga wannan aiki.

Wajen aikin kansa, yawancin mutane da fenti da kujeru suke farawa, don a gani a yaba. Kai ka fara da walda da sifirin, sa'an nan birki da sitiyari. Motar da ta shekara shida a tsaye, duk wata roba da ke jikinta ta mutu, ko da ido ya ga kamar lafiya take: tiyon birki, robobin tukunyar birki, tiyon ruwa, har tayoyin. A sauke tankin mai a wanke. Mai aikin waya ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, domin ɓera ya riga ka shiga, kuma gobarar tsohuwar mota sau da yawa daga nan take tashi.

A inji kuwa, abu biyu za ka tsaya a kai. Na farko, saman injin na alminiyam ne, in ya taɓa yin zafi fiye da kima yakan lanƙwashe, don haka a kai shi wurin masu injin gogewa su auna, kada a ɗaura shi da ka. Na biyu, silib ɗin nan da muka yaba, ruwan lagireto yana zagaya su kai tsaye, abin da ya raba ruwan da baƙin mai shi ne wani siririn abin toshiya a gindinsu. In aka zaunar da su ba daidai ba, bayan 'yan kwanaki sai ka zaro sandar auna mai ka ga ya koma kamar koko da madara, an yi gyaran gangar Auzinawa ke nan. Wannan aiki ba na yaron gareji ba ne. Lagireto ma a wanke shi ko a sake, don shi ne mai tsaron duk kuɗin da ka zuba. Idan kuma wani injin ka sayo ɗungurungum, karɓi rasit mai lambarsa, ka kai ofishin lasin a gyara takarda.

Saura batun ko za ta biya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, abin da mota take sha ya zama babban lissafi, tsohuwar Fijo mai kafireto kuwa ba ta san tsimi ba in an gwada ta da ƙananan motocin Japan da baburan ɗaukar kaya masu ƙafa uku. Inda ta fi su shi ne hanyar burji mai nisa da kaya mai nauyi. In kayanka ne da kanka za ka riƙa ɗauka daga gona zuwa kasuwa, ka ƙirga abin da kake biyan masu mota a kaka ɗaya, ka cire kuɗin mai da na direba da na taya, ka ga kaka nawa za ta yi kafin ta mayar maka da kuɗinka. In ya wuce uku ko huɗu, a ganinmu abin ya zama sha'awa, ba sana'a ba.

In Allah ya sa ta tashi, kilomita dubun farko a bi ta a hankali, ba gudu ba lodi, sa'an nan a juye baƙin mai, a sake ɗaure ƙusoshin saman inji, a daidaita bawul. Maƙeranta kimanin tan ɗaya suka ƙayyade mata, wato buhu goma na masara mai kilo 100. Mun san a tasha za a yi maka dariya in ka tsaya a goma, har a ce ai ƙarin ganyen sifirin yana maganin wannan. Ƙarin ganye yana hana ta durƙusawa ne kawai, ba ya ƙara wa birki ƙarfi, kuma nauyin yana komawa ne kan mahaɗar nan ta bayan ɗakin direba da kuka duba da guduma.