Asalin Lacock, Ƙauyen da Bai Sake Kama Ba

A kudu maso yammacin Ingila, cikin lardin Wiltshire, akwai wani ƙauye ana ce da shi Lacock. Tsakaninsa da garin Chippenham mil 3 ne kawai. Wanda ya baro hayaniyar Chippenham ya shigo nan, sai ya tarar da titi huɗu rak da suka haɗu suka yi kusurwa huɗu. Gidajen na dutse ne da na katako, ba ka ganin wayar lantarki ta gitta sama, ba ka ganin eriyar talabijin bisa rufi. Yawancin gidajen sun haura shekara 200, waɗansu ma sun kai 600. Ba kuwa kufai ba ne, don akwai mutane ciki, suna girki, suna kai yara makaranta, suna biyan kuɗin haya. To, yaya aka yi zamani ya sake fuskar garuruwan da ke kewaye ya bar wannan? Ga asalin abin.

Lacock tsohon zama ne. Lokacin da Sarki William ya sa aka ƙidaya filaye da dukiyar Ingila a 1086, sunansa ya shiga littafin ƙidayar, har aka rubuta yana da wurin niƙa biyu da gonar inabi. Amma wata mace ce ta ba shi siffar da aka san shi da ita. Sunanta Ela, magajiyar sarautar Salisbury. Mijinta William Longespée ɗan Sarki Henry na Biyu ne. Da ya rasu a 1226, ba ta sake aure ba. Ta riƙe muƙamin wakilin sarki a lardin Wiltshire, abin da ba a saba gani a hannun mace ba a wancan zamani. Daga nan ta ƙudura gina gidan ibada na mata masu zuhudu a wata fadama bakin kogin Avon, aka buɗe shi a 1232. Bayan 'yan shekaru ita kanta ta shiga, ta zama shugabar gidan, a can kuma aka binne ta da ta rasu a 1261.

Gidan ibada ba ya ci da kansa sai da manoma da masu sana'a. Saboda haka aka shata titi daga ƙofarsa, aka yanka wa talakawa filaye, aka samo izinin cin kasuwa daga wurin sarki. Masu zaman haya su kan biya da hatsi, da fatu, da gashin tumaki, a tara a wani katafaren sito wanda aka gina a ƙarni na 14, yana nan tsaye har gobe. Arzikin yankin duka a bayan tunkiya yake. Ana sausaye ulu, mata su kaɗa zare, masaƙa su saƙa, fatake su kwashe. Ga shi kuma tsohuwar hanyar Landan zuwa Bath ta bi ta nan, matafiya suna yada zango. Da wannan kuɗi aka gina gidajen da ake zuwa kallo yau, da cocin Saint Cyriac.

Ana nan, sai Sarki Henry na Takwas ya ɓata da Fafaroma, ya rufe gidajen ibada na ƙasar, ya ƙwace dukiyarsu. Na Lacock ya shiga hannu a 1539, aka sallami matan. A 1540 wani bafaden sarki, William Sharington, ya saye shi a kan fam 783. Ya rushe cocin gidan, amma ya bar barandun da ɗakunan ƙasa yadda suke, ya yi wa kansa mazauni a bisansu, ya ƙara da hasumiya mai kusurwa takwas. Bai bar ɗa ba, sai gadon ya koma wa ƙanensa, daga nan ya faɗa hannun 'yar ƙanen, Olive. Mutanen wurin suna da wani labari a kanta. Wai ubanta ya hana ta auren saurayinta John Talbot, ita kuwa ta diro masa daga kan soro, iska ta cika bujenta ta sauko da ita a hankali, ta faɗa kan saurayin har ya suma. Uban ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya yarda. Da wannan aure gidan da ƙauyen suka zama na zuriyar Talbot, suka kuma daɗe a hannunta shekara wajen 370.

Kwanci tashi, duniya ta juya wa Lacock baya. Saƙa ta bar hannun masaƙan gida ta koma manyan masana'antu. Babbar hanyar Bath ta karkata ta bi ta Chippenham. Da aka shimfiɗa dogon jirgi na kamfanin Great Western, Chippenham ce ta sami tasha a 1841. Ciniki ya bi hanya, samari suka bi ciniki. Chippenham ta cika ta batse, Lacock kuwa ya tsaya cik. Ba mai kuɗin da zai rushe tsohon gida ya gina sabo, sai dai a yi faci a ci gaba da zama. Ga shi kuma mai ƙasar ɗaya ne, ba ya sayar da fili. Wani hanin ga Allah baiwa ne: talaucin da ya hana ƙauyen girma shi ya tsare masa kamanninsa.

Cikin wannan shirun ne aka yi abin da ya kai sunan Lacock duniya. Mai gidan a lokacin, William Henry Fox Talbot, masanin lissafi ne da kimiyya, ya kuma taɓa wakiltar Chippenham a majalisa. Ya so ya iya zane, hannunsa ya ƙi, sai ya shiga neman dabarar da haske zai yi zanen da kansa. Ya riƙa jiƙa takarda da ruwan gishiri da wani sinadarin azurfa, ya sa ta cikin 'yan ƙananan akwatuna, waɗanda matarsa ke kira tarkon ɓera. A watan Agusta na 1835 ya auna ɗaya daga cikinsu ga wata tagar gidan, ya sami ɗan hoto wanda bai fi kan sarki girma ba, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Shi ne dodon hoto mafi tsufa da ya rage a duniya cikin waɗanda aka ɗauka da kyamara. Daga dodo ɗaya ana iya wanke hoto ɗari, kuma da wannan hanya duniya ta yi ta ɗaukar hoto fiye da shekara 150.

Mace ta ba ƙauyen siffarsa, mace kuma ta tsare shi. Jikar Fox Talbot, Matilda, ta gaji komai a 1916. Ta tarar da gidajen haya sun lalace, kuɗin gyara kuwa babu, har ta sayar da waɗansu kayan gadonta masu daraja don ta gyara wa masu hayarta muhalli. Ba ta da ɗa, ta kuma san in ta mutu za a yi wa ƙauyen gwanjo gida gida. Don haka a 1944 ta ba da gidan da kusan dukan ƙauyen kyauta ga ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895 don tsare wuraren tarihi.

Yau ƙungiyar ce mai gidan haya. Tana da gidaje wajen 90 a ƙauyen, kuma in mai haya ya tashi daga wani, ta kan fifita wanda ke da tushe a wurin. Wannan ya raba Lacock da ƙauyuka masu kyau da yawa na Ingila, inda attajiran birni suka saye gidaje don hutun ƙarshen mako, 'yan asali suka rasa inda za su zauna. Makarantar firamare da aka buɗe a 1824 tana aiki har yanzu. Masu gida su kan ajiye furanni, ko zuma, ko kayan saƙa a bakin ƙofa tare da ɗan akwati, mai so ya ɗauka ya jefa kuɗi, ba mai tsaro.

Zaman yana da nasa nauyi. Ƙofofin gajeru ne, ɗakunan ga sanyi ga laima. Ba ka da ikon sake taga ko ƙofa sai da izini, don doka ta kare gine-ginen. Da rani baƙi su kan cika titi, wani har ya kafa ido a tagarka yana zaton gidan kallo ne. In masu shirya fim suka zo, kamar yadda aka zo don Harry Potter da Pride and Prejudice, sai a kwashe motoci, a zuba ƙasa a rufe kwalta. Babban kanti, da makarantar sakandare, da tashar jirgi, duk sai an fita, yawanci zuwa Chippenham, inda jirgi ke kai mutum Landan cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Garin da ya janye cinikin ƙauyen a da, shi ne yau yake ba mutanensa aikin yi, su wuni can su dawo gida su kwana.

Dutse da katako ana iya tsare su da doka, amma doka ba ta hura wuta a murhu. Abin da Matilda ta gane ke nan, shi ya sa ta nemi a riƙe gidajen tare da mutanen da ke cikinsu. Wannan shi ne asalin Lacock, da dalilin da ya sa ya kai yau yana tsohon ƙauye mai rai.