Allon Da Ya Sa Jirgin Ruwa Tashi Sama

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa, ya rubuto yana cewa ya ga hoton jiragen tsere na Turawa suna gudu cikinsu bai taɓa ruwa ba. Yana tambaya, shin gaskiya ne ko dabarar masu hoto ce?

To Malam, gaskiya ne, kuma abin yana da tarihi. Irin wannan jirgi sunansa katamaran, watau kwale-kwale biyu da aka haɗa da gada a tsakani. Kalmar daga harshen Tamil na kudancin Indiya ta fito, ma'anarta itacen da aka ɗaure. Ba shi da inji, iska ce ke tura babban ƙyallen da aka ɗaura masa a sanda. A shekarar 1876 wani Ba'amurke, Nataniyel Hereshof, ya shiga tsere a birnin New York da irinsa, ya tsere wa kowa. Abokan karawarsa suka yi ƙorafi, aka hana irin jirgin shiga tsere da sauran.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan iska ta bugo daga gefe, jirgi mara nauyi sai ya riƙa zamewa kamar ƙwarya a tafki. Maganin wannan shi ne wani allo da ake zurawa ta wata kafa a cikin jirgin, ya nutse cikin ruwa. Turawa na kiransa allon wuƙa, don yana shiga yana fita kamar wuƙa a kube. Kamar yadda bakin garma ke kama ƙasa, haka yake kama ruwa, jirgi ya miƙe gaba. Amma shi ma ruwa na riƙe shi, ya rage gudu. Shi ya sa magina suka koma yin sa dogo siriri, matuƙa kuma su ɗaga shi idan iska na bayansu.

Daga nan sai aka lanƙwasa allon kamar lauje. Da jirgi ya ɗauki gudu, ruwan da ke bi ta jikinsa sai ya riƙa tura shi sama, nauyi ya ragu. A shekarar 2012 'yan ƙasar Niyu Zilan, masu shirin gasar Kofin Amurka, suka gwada allo mai ƙafa a ƙarshensa, kamar harafin L. Sai ga jirgi mai tsawon mita 22 ya tashi ɗungurungum, ba abin da ke cikin ruwa sai allon da matuƙan baya. Ka san ruwa ya fi iska kauri wajen sau 800, saboda haka duk wanda ya fid da cikin jirginsa daga ruwa ya sauke babban kaya.

A gasar 2013 a San Faransisko, jiragen sun wuce kilomita 80 a awa, har suna ninka gudun iskar da ke tura su. Niyu Zilan ta ci 8, ƙungiyar Oracle ta Amurka na da 1, amma Oracle ta yi ta gyaran jirginta da yadda take sarrafa shi, ta ƙare da 9 da 8. Sai dai gudun bai zo a banza ba. A watan Mayu na wannan shekara jirgin ƙungiyar Artemis ta Suwidin ya kife wajen gwaji, Andrew Simpson, Baturen Ingila mai lambar zinariya ta Olamfik, ya rasa ransa.

Duk da haka ba a koma baya ba. A gasar SailGP da aka fara a 2019, jiragen sun kai wajen kilomita 100 a awa, gudun mota a kan kwalta ke nan. Ka ga allon da aka sa don hana zamewa, shi ne ya zama fiffike.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.