Makarantun mishan da koyar da yara Ingilishi a ƙasar Hausa: daga Dorugu zuwa Wusasa da Tsibiri

A watan Maris na shekarar 2025, kundin sabunta ƙasa na Jamhuriyar Nijar ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Iyaye a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sukan yi tambaya kan inda yaro zai koyi Ingilishi da kuma hannun wanda zai koya masa. Tambayar ta daɗe a ƙasar Hausa. Waɗanda suka fara koya wa ƴaƴan Hausawa wannan harshe ƴan mishan ne, watau Turawa masu yaɗa addinin Kirista, kuma yadda aikinsu ya gudana a Najeriya ya sha bamban da yadda ya gudana a Nijar.

Dorugu, yaron Damagaram da ya je Ingila

Ɗaya daga cikin yaran Hausawa na farko da tarihi ya riƙe cewa sun koyi Ingilishi a hannun ɗan mishan shi ne Dorugu, wanda aka haifa wajen 1840 a yankin Kance, cikin ƙasar Damagaram. Yana ƙarami aka kama shi bawa, aka kai shi Barno. A can wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai Dorugu ya bi Heinrich Barth har Tumbutu, daga baya suka ƙetare sahara, suka isa Landan a 1855.

A Ingila ya zauna a gidan James Frederick Schön, limamin ƙungiyar mishan ta cocin Ingila da ake kira CMS. Koyon ya tafi ta fuska biyu: Dorugu na koyon Ingilishi da karatun boko, Schön kuma na rubuta Hausar da yake ji daga bakinsa. Wannan zama ya taimaka wa Schön wajen fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, wanda ke ɗauke da labarin rayuwar Dorugu kamar yadda shi kansa ya bayar. Dorugu ya komo Afirka a 1864. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Nasarawa ta Kano, inda ya rasu a 1912.

Shigowar CMS da alkawarin Sakkwato

A kudancin Najeriya makarantun mishan sun kafu tun shekarun 1840, har CMS ta buɗe makarantar sakandare a Legas a 1859. A arewa sai a 1900 wata tawaga ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ta isa Kano. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba. Suka koma Girku, a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. A cikin tawagar akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya riga ya koyi Hausa a Tarabulus a wurin Hausawa mazauna can.

Bayan Ingilishi sun ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa baki a addinin Musulunci ba. Gwamnonin da suka biyo bayansa sun fassara wannan alkawari da cewa mishan ba za ta kafa makaranta a biranen sarakuna ba. Saboda haka ƙungiyoyi irin su SIM da SUM suka karkata zuwa Filato, kudancin Zariya, Binuwai da Adamawa, inda mutane da yawa ba Musulmi ba ne. A can ne makarantun mishan suka yi yawa, kuma akasari da Hausa ake fara karatu a cikinsu kafin a kai ga Ingilishi.

Makarantar Likita Miller a Zariya

Miller kaɗai ya sami wurin zama cikin birnin Zariya, daga 1905. Ya kai wa Lugard shawarar buɗe makarantar kwana domin ƴaƴan sarakuna da wata domin malamai. Lugard ya karɓi shawarar, amma ya bar Najeriya a 1906, kuma sarakuna ba su saki jiki da makarantar da mai wa'azin wani addini zai riƙe ba. Abin da ya tsaya shi ne ƙaramar makaranta a gidan Miller, inda yara ke kwana, ke ci, ke karatu a gabansa.

Tsarin karatun ya fara da Hausa cikin haruffan boko, da lissafi, da karatun Littafi Mai Tsarki, sannan Ingilishi ya biyo baya ga waɗanda suka yi nisa. Dalilin wannan jeri a fili yake. Mishan na son kowa ya iya karanta littafin addininta da harshen da yake ji, shi ya sa Miller ya kwashe shekaru yana jagorantar fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda aka buga cikakkiya da Hausa a 1932. Ingilishi kuma shi ne ke buɗe ƙofar aikin gwamnati, aikin jirgin ƙasa da karatu mai zurfi a Legas ko Ingila.

Yara da yawa na makarantar sun fito ne daga zuriyar Isawa, mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda wa'azin da yake yi kan Annabi Isa. Wasu daga cikin zuriyar sun zo wurin Miller a 1913, aka kafa musu ƙauye a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, aka kwashe yaran da suka tsira zuwa Zariya. A 1929 mishan ta bar cikin birni ta koma Wusasa, bayan ganuwa, inda aka gina coci da ginin ƙasa irin na Hausawa, tare da makaranta da asibiti.

Ɗaliban Wusasa ba su da yawa, amma sunayensu sun yi nisa. Daga wannan al'umma ne Dokta Barau Dikko ya fito, likitan farko ɗan arewacin Najeriya, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, a can ya yi karatun farko. Haka nan Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Najeriya a waɗannan shekaru, da John Tafida, wanda ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East.

Martanin gwamnati da na iyaye

Da yake sarakuna ba su amince da mishan ba, gwamnatin mallaka ta buɗe tata makarantar a Nasarawa ta Kano a 1909, ta ba Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa. Shi ma da CMS ya fara zuwa ƙasar kafin ya koma aikin gwamnati. Makarantarsa ba ta wa'azin Kiristanci, kuma da Hausa take koyarwa. Sai a kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, aka ba Ingilishi babban matsayi, kuma can Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu.

Duk da haka iyaye da yawa sun ci gaba da ganin boko da mishan abu ɗaya ne. Tsoronsu yana da tushe, domin ƴan mishan ba su ɓoye cewa makaranta hanyar wa'azi ce a wurinsu ba, kuma yaron da ya tashi a makarantar kwana yakan dawo da sabon suna, sabuwar shiga da sabon addini. Abin da wannan ya haifar shi ne, lokacin samun mulkin kai a 1960, masu jin Ingilishi a biranen Hausa sun yi ƙaranci ƙwarai idan aka gwada da kudu, kuma ƴan kudu ne suka cika ofisoshi da yawa na arewa.

A Nijar: Turawan da aka hana koyar da harshensu

SIM ta iso Damagaram a 1924, ta kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarshen shekarun 1920, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan asibitin kutare na Danja cikin shekarun 1950. Mafi yawan ma'aikatanta ƴan Amurka, Kanada da sauran ƙasashe masu jin Ingilishi ne. Sai dai dokar ranar 14 ga Fabrairun 1922, wadda ta tsara makarantu masu zaman kansu a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, ta ce da Faransanci kaɗai za a koyar, kuma sai da izinin gwamna. Kumandojin Faransa kuma na yi wa waɗannan baƙi kallon ƴan leƙen asirin Ingila, ga shi Najeriya na nan kusa.

Ke nan a Nijar ƴan mishan ba su da hanyar koyar da Ingilishi, kuma da yawansu ba su ƙware a Faransanci ba. Abin da ya rage musu shi ne Hausa. Suka riƙa kawo Littafi Mai Tsarki da littattafan waƙoƙin coci daga Najeriya, suna koya wa mabiyansu karatun Hausar boko. Baturiyar Amurka mai binciken tarihi, Barbara Cooper, ta nuna a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maraɗi cewa wannan ya zama abin saɓani tsakanin mishan da mabiyanta, domin iyaye Kiristoci na son ƴaƴansu su sami lakol ta Faransanci mai kaiwa ga takardar shaida da aikin gwamnati, mishan kuma ta fi damuwa da horar da masu wa'azi. Cocin Katolika, wadda ta kafu a Yamai a 1931 da limamai Faransawa, ba ta gamu da wannan cikas na harshe ba, shi ya sa makarantunta, irin su kolej Mariama, suka shiga tsarin ƙasa kai tsaye, kuma yawancin ɗalibansu ƴaƴan Musulmi ne.

Bayan samun ƴanci

Ingilishi ya shigo wa yaran Nijar ta hanyar gwamnati, a matsayin darasi daga ajin farko na kolej, watau siziyam. Daga 1962 matasan Amurka na ƙungiyar Peace Corps, wadda ta gwamnati ce ba ta addini ba, sun taimaka wajen koyar da shi, har zuwa Janairun 2011 da aka janye su saboda matsalar tsaro. Makarantar mishan mafi suna da ke koyarwa da Ingilishi zalla ita ce Sahel Academy ta Yamai, wadda SIM ta kafa a 1986, musamman domin ƴaƴan ma'aikatan mishan da sauran baƙi. Ambaliyar kogin Kwara ta mamaye harabarta a 2012 da kuma 2020.

A yau mai neman Ingilishi ga ɗansa yana da hanyoyin da iyayen zamanin Miller ba su da su: makarantun gwamnati, makarantu masu zaman kansu na Musulmi da na Kirista masu haɗa harsuna biyu, cibiyoyin koyon harshe, ko tura yaro Najeriya ko Ghana. Duk makarantar da iyaye suka nufa, abubuwan da ya kamata su sani kafin rajista su ne ko tana da izinin ma'aikatar ilimi, ko karatunta na kai yaro ga jarrabawar ƙasa irin su BEPC da BAC, ko akwai darasin addini a cikinta kuma dole ne ko zaɓi, da kuma harshen da ake fara koya wa yaro karatu da rubutu a ciki.