Daga Masana'antar Nakiya Zuwa Filastar Ciwon Zuciya

A wannan makon za mu waiwayi tarihin wani maganin ciwon zuciya da ake manna shi a fata kamar filasta.

A 1847 wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Ascanio Sobrero, ya haɗa ruwan naitirogilisarin a birnin Turin. Ruwa ne mai fashewa, kuma da shi Alfred Nobel ya ƙera nakiyarsa a 1867. A 1879 sai likita William Murrell na Landan ya wallafa cewa ɗan ɗigon ruwan nan na sauƙaƙa ciwon ƙirjin da ke tasowa idan jini bai wadaci zuciya ba, domin yana buɗe jijiyoyin jini. Shi kansa Nobel an rubuta masa wannan magani kafin rasuwarsa a 1896.

Sai dai akwai cikas. Idan aka haɗiye shi, hanta kan lalata mafi yawansa kafin ya gauraye jiki. Idan aka sa a ƙarƙashin harshe yana aiki nan take, amma bai fi rabin awa ya gushe ba.

Ashe mafitar na wurin leburorin masana'antar nakiya. Sinadarin na shiga jikinsu ta fata da numfashi, shi ya sa duk ranar Litinin suke fama da ciwon kai, zuwa tsakiyar mako jiki ya saba, ciwon ya lafa. Har wasu kan shafa kaɗan a hularsu a ranakun hutu don kada sabon ya gushe.

A 1979 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da filastar magani ta farko, ta masu jiri da amai a tafiya. A 1981 ta naitirogilisarin ta biyo baya: tana sakin maganin sannu a hankali, ya ratsa fata ya shiga jini ba tare da ya fara bi ta hanta ba.

Ba a daɗe ba likitoci suka gano cewa wanda ya bar ta a jiki dare da rana, maganin kan daina yi masa aiki. Sabon nan ne da leburori suka riga kowa sani. Don haka yau ake cire ta na awa 10 zuwa 12 kullum, galibi da dare.

Mu da ke koyon rubuta tarihi, kada mu tsaya kan sunayen manya kaɗai. Mu riƙa tambayar abin da lebura ya gani.

Sai mun ji ra'ayoyinku.